Ƙasa Ba Ta Daina Rawa Ba

Kwana tara ke nan da dawowata Maraɗi,
har yau in na tsaya alwala a ƙofar gida
sai in ware ƙafafu kamar mai jiran naushi.
Barira ta ce, "Ƙasa ce fa, Tsahiru, ba inda za ta."
Na ce, "Ke dai bari, ni take yi wa rawa."

Buhu ɗari da arba'in na albasa na raka.
Daga Kutanu muka hau jirgi mai tsatsa a haƙarƙari,
muka bi gefen ƙasa kamar akuya da katanga,
ba mu rabu da ita ba, ba mu taɓa ta ba.
Da dare fitilun Ikko can ta hagu,
kasuwa ce ta ci, mu ba a gayyace mu ba.

Ni da na girma a bakin Gulbi,
ruwan da kan zo wata uku ya kama gabansa
ya bar mana rairayi da lambun tumatir,
ina na san akwai ruwan da ba shi da ƙetare?

Kwana ukun farko bokiti ne aminina.
Abin da na ci a Kutanu, har da na tashar Gaya,
duk na biya teku da shi.
Wani Bayarabe mai gyaran inji ya ba ni citta in tauna,
bai tambayi sunana ba, "Nijar" yake ce mini.

Ruwan sha kofi biyu, safe da maraice.
Ruwa gaba, ruwa baya, ga maƙogwaro a bushe.
Na yi alwala da na gishiri har leɓe ya tsage.
Alƙibla kuwa ba ta zama wuri ɗaya:
ka yi kabbara tana gabanka,
ka sallame ta koma bayan kunnenka.
Illa, mutumin Tibiri, ya ce, "Allah ya san jirgi ne."

Yau garin rogo da kifi.
Gobe kifi da garin rogo.
Na yi mafarkin furar Habsu ta bakin asibiti,
na farka da ɗanɗanon baƙin mai a harshe.

Dare na shida inji ya yi tari, ya yi shiru.
Mu ashirin da ɗaya, ba mai tari bayansa.
Igiyar ruwa ta ɗaga mu ta kayar, ta sake,
tamfol ya yage, teku ta leƙa buhunana.
Mai gyara na ƙasa da tocila a baki,
Illa na karanto abin da ya iya, yana maimaitawa.
Sai da asuba inji ya amsa.

Daga ranar aikina tsince ruɓa.
Kowace safiya in kwance buhu, in shinshina, in jefa,
ina lissafin kuɗin Alhaji Nomau suna iyo,
jaka biyar, jaka goma,
tsuntsaye ma sun duba sun ƙi.
A Duwala 'yan duwan suka ɗebi nasu.
Tamanin da bakwai na sauke.

Na kawo wa Rabe ƙoƙon dodon koɗin teku,
ya kara a kunne kwana biyu ya manta,
Barira ta mai da shi ma'aunin gishiri.

Jiya na kai yaron tafkin Madarunfa.
Ya ce, "Baba, teku ta kai wannan?"
Na dubi itatuwan ƙetare, ɗaya bayan ɗaya ana ƙirga su,
na rasa ta inda zan fara.

Alhaji ya aiko ɗazu: in albasa ta fito, zan koma?
Ɗan aike na zaure yana shan ruwan randa.
Kofi na uku ke nan, ba wanda ya hana shi.